In Banki Ya Yi Maka Ragi, Me Ya Saura?

Jama'a, kowa ya san yadda ake kashe maganar bashi a kasuwanninmu. Wanda ake bi ya karye, dattawa su shiga tsakani, mai kuɗi ya ce, "Kawo abin da ya sawwaƙa, na yafe sauran." A yi fatiha, a watse, ba mai sake tayar da zancen. Abin kuwa yana da tushe a addini, domin ya zo a hadisi ingantacce cewa Ka'abu ɗan Maliku ya tsare Ibnu Abi Hadrad a masallaci a kan bashi har muryoyinsu suka ɗaga, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa nuni da ya sauke rabi, ya umarci ɗayan ya tashi ya biya abin da ya rage. Saboda wannan sabo, mutanenmu da yawa suna zaton in banki ya karɓi wani abu ya bar wani abu, shi ke nan an rufe littafi. Bashin kam ya mutu, in an bi ƙa'ida. Labarinsa kuwa yana nan a rubuce, kuma shi sauran bankuna za su karanta ranar da ka koma neman rance.

Sai a fara sanin masu riƙe da wannan labari. A Najeriya akwai kamfanoni uku da Babban Banki ya ba lasisin tattara tarihin bashin jama'a: CRC Credit Bureau, da FirstCentral, da CreditRegistry. Dokar da ta tsara aikinsu an sa mata hannu a shekarar 2017. Bankuna suna aika musu bayanin wanda ya ci bashi, nawa ya ci, yaushe ya kamata ya biya, yaushe ya biya, kwana nawa ya makara. Ƙananan bankuna na masu ƙaramin ƙarfi ma suna aikawa, haka wasu daga cikin kamfanonin da ke ba da rance ta waya. Babban Banki kuma ya wajabta wa bankuna su duba rahoton mutum a wurin aƙalla biyu daga cikin kamfanonin nan kafin su ba shi rance. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, dabarar nan ta dā, ta a ci bashi a Kano a je Kaduna a buɗe sabon asusu da suna mai ɗan bambanci, ta daina ci.

To, a ce wani ɗan kasuwa ya karɓi rancen naira 500,000 don saro kaya, ya biya wata uku, kasuwa ta juya masa baya. Wata ya wuce bai biya ba, an rubuta. Na biyu ya wuce, an rubuta. Da zarar an haura kwana 90, ƙa'idar Babban Banki ta sa a lissafa bashin cikin waɗanda suka daina tafiya daidai, in kuwa aka haura shekara sai a sa shi cikin waɗanda aka fid da rai da su. Kuɗin ruwa da tarar jinkiri suna ta hauhawa, har abin ya kai, misali, naira 620,000. A nan ne banki zai ce masa ya kawo 400,000 a rufe magana. Ka lura, ya kai mai karatu: banki ba ya yi wa mai biya a kan kari ragi. Sai ya ga alamar kuɗinsa za su salwanta yake sassautowa. Ke nan kafin a zo ga zaman sulhu, mafi yawan ɓarnar ta riga ta auku, watannin nan na rashin biya suna jere a cikin rahoto ɗaya bayan ɗaya, biyan 400,000 ɗin kuma ba ya kankare ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da biyan yake yi shi ne ya mayar da sauran bashin sifiri, ya tsayar da ƙidayar kwanakin jinkiri. Amma jami'in wani banki da ya buɗe rahoton zai ga bambanci tsakanin wanda ya biya cif da wanda aka rufe nasa bayan doguwar makara da yafiya. Shi ba ruwansa da ko gobara ce ta cinye shagon, ko rashin lafiya ce ta kwantar da mutum. Rahoto ba shi da gurbin uzuri. Abin da zai tambayi kansa ɗaya ne, wato in wannan bawan Allah ya sake shiga matsi, shin mu ma haka za mu tashi da asara? Daga nan sai ko dai a hana shi, ko a ba shi ƙasa da abin da ya nema, ko a ce ya kawo jingina da mai tsaya masa, ko a ƙara masa kuɗin ruwa. Bankin da ya yi yafiyar kuwa yana da nasa littafin na cikin gida, wanda ba ya jiran wata doka ta ce masa ya manta.

Tsawon wane lokaci abin yake bin mutum? Dokar Najeriya ta ce kamfanonin su riƙe bayani aƙalla shekara 6. A Amurka, inda tsarin ya fi daɗewa kuma ya fi shiga rayuwar mutane, har masu ba da hayar gida suna dubawa, doka ta yanke shekara 7, ana ƙirgawa daga makarar farko da ta kai ga lalacewar bashin, kuma ranar sulhu ba ta sabunta ƙidayar. Can kamfanonin su ne Equifax da Experian da TransUnion, ana kuma auna mutum da makin FICO daga 300 zuwa 850, wanda kashi 35 cikin ɗari nasa ya rataya a kan yadda mutum yake biya a kan lokaci. 'Yan'uwanmu mazauna can su ƙara da sanin cewa in aka yafe musu dala 600 ko fiye, ana kai rahoto ga hukumar haraji, kuma sau da yawa ana ɗaukar abin da aka yafe a matsayin kuɗin shiga da za a biya wa haraji. Sauƙin da ke cikin lamarin, a can da nan, shi ne tabo yana dusashewa. Makarar da ta shekara huɗu, wadda biya mai kyau ya biyo bayanta, ba ta da nauyin ta watan jiya.

Kada wani ya ji wannan ya ce ashe gara ya yi zamansa. A ganina wannan shi ne mafi munin zaɓi. Bashin da aka bari a buɗe kullum girma yake yi, kuma kullum sabo ne a idon mai dubawa. Ga kuma tsarin da Babban Banki ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agusta 2020, wanda ake kira GSI: duk wanda ya sa hannu a takardarsa lokacin karɓar rance, in ya gaza biya, bankin da ke binsa yana iya bin lambar BVN ya cire kuɗinsa daga asusun mutumin na wasu bankuna. A 2015 ma har sunayen manyan masu taurin bashi bankuna suka buga a jaridu bisa umarnin Babban Banki. Wanda yake da halin biya duka ya biya duka. Wanda matsinsa na ɗan lokaci ne, ya je tun kafin ya makara ya nemi a sake masa tsarin biya, a tsawaita wa'adi a rage na wata-wata, domin wannan ya fi ragi sauƙi a kan suna. Ragi na wanda ƙarfinsa ya ƙare ne da gaske.

Akwai rami guda da mutane ke yawan faɗawa. Wani lokaci banki yakan cire bashi daga lissafinsa na shekara don ya ɗauke shi asara. Wannan gyaran littafinsa ne kawai, ba yafiya ba ce, har gobe yana da ikon binka ko ya tura masu karɓar bashi. Haka nan in ma'aikaci ya ce maka ta waya ko da baka, "Alhaji, kawo dubu ɗari huɗu mu rufe," ka biya ba takarda, na'ura za ta ɗauka ka rage bashi ne, sauran 220,000 su ci gaba da haihuwa. Ma'aikacin kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba. Mu da aka umarta da rubuta bashi a aya mafi tsawo a Alƙur'ani, abin mamaki ne yadda muke jin nauyin neman a rubuta mana yafiya.

Saboda haka kafin ka fitar da ko kwabo, a ba ka takarda mai ɗauke da tambarin banki da sa hannun wanda ke da ikon yankewa, ta faɗi adadin da za ka biya, da ranar biya, da cewa wannan adadi ya kashe bashin gaba ɗaya. Ka tambayi abin da za su aika wa kamfanonin tarihin bashi, in da hali shi ma a rubuta. Ka zuba kuɗin a asusun da takardar ta ambata, kada ka danƙa wa kowa a hannu. Bayan biya ka nemi takardar shaidar cewa ba a binka komai, ka adana ta tare da takardun gida da na gona. In akwai wanda ya tsaya maka, a tabbata shi ma an sallame shi, a kuma dawo maka da abin da ka jinginar.

Bayan wata ɗaya ko biyu sai ka nemi rahotonka. Doka ta ba ka damar karɓarsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma ya kyautu ka duba a kamfanonin uku, don wani yana iya gyarawa wani bai gyara ba. In ka tarar har yanzu ana nuna ana binka, ka rubuta koke ga bankin da kuma kamfanin, haɗe da kwafin takardunka. In ba a gyara ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna da ke karɓar irin wannan ƙara. Kuskure kaɗai ake gyarawa ta wannan hanya. Wanda ya zo maka da cewa ka ba shi wani abu ya share maka makarar da ka yi da gaske, ya kuma nemi lambar BVN ɗinka don ya yi aikin, ɗan damfara ne, kada ka ba shi.