Amsar Tambaya: Fiyano Zai Zama Sana'a?

Tambaya: Malam, daga Magamar Jibiya nake, ina kaɗa fiyano a bukukuwa. Yaya zan ƙware?

Amsa: Ɗana, kiɗan biki daban, fiyanon ƙwararru daban. Sai ka koyi karanta rubutun kiɗa, ka saba kaɗawa kai kaɗai, sannan tare da masu gogen Turawa biyu ko uku, inda sauraron abokin kiɗa ya fi saurin yatsu muhimmanci. Makarantar MUSON ta Legas tana koyarwa, a Yamai ma akwai cibiyar kiɗa ta Alhaji Taya. Nemi ayyukan mai tsara kiɗa Akin Euba, wanda ya rasu a 2020. Euba ya sa fiyano ya kwaikwayi ganguna. Kada ka saki bukukuwan tukuna, su za su biya kuɗin karatu. Allah ya taimaka.