Tsohon Cocin Wusasa: Ginin Ƙasa Mai Tarihi

Wusasa wani gari ne da ke gefen birnin Zariya, a Jihar Kaduna, a gindin wani babban dutse. Duk baƙon da ya je can, da wuya ya bar garin ba a kai shi ya ga tsohon cocin Angalika na Saint Bartholomew ba. An ba cocin sunan Bartalamawas, ɗaya daga cikin manzanni goma sha biyu na Yesu Almasihu. Ba tsawo ko girma ya sa ya yi suna ba. Abin da ya bambanta shi da sauran coci-coci shi ne, da ƙasa aka gina shi, bisa tsarin ginin Hausawa na gargajiya.

Ɗalibin da ya tashi a Legas ya san babban cocin Angalika da ke Marina, mai hasumiya da dogayen tagogi masu tsini a sama. Wannan fasali daga Ingila ya zo. A can, kusan kowane ƙauye yana da cocinsa na dutse, da hasumiyar ƙararrawa, da maƙabarta a kewaye. 'Yan mishan sun saba ɗauko wannan fasali su kai duk inda suka je. A Wusasa kuwa ba a yi haka ba.

Yadda aka kafa Wusasa

Ƙungiyar mishan ta CMS, wadda aka kafa a Ingila a shekarar 1799, ta daɗe tana aiki a ƙasar Yarbawa da bakin Kogin Kwara kafin ta fuskanci ƙasar Hausa. A shekarar 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci wani ƙaramin ayari zuwa Kano, amma Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, sai suka juyo. A cikin ayarin akwai wani matashin likita mai suna Walter Miller. Shi ne ya dage. Bayan ya zauna a Girku na wani lokaci, sai ya koma cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Miller ya iya Hausa ƙwarai, yana kuma cikin waɗanda suka yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a 1932.

Da aiki ya bunƙasa, wuri ya yi kaɗan. Ban da haka, masarauta da gwamnatin Turawa ba su so mishan ta ci gaba da zama a cikin ganuwa ba. Saboda haka a 1929 aka tashi aka koma Wusasa, ƙarƙashin jagorancin Rabaran Guy Bullen. Nan aka kafa makaranta, da asibitin Saint Luke, da kuma wannan coci.

Yadda ake irin wannan gini

Magina Hausawa ne suka yi aikin, kuma kayan da suka saba da su suka yi amfani da su. Da farko akan haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a tattaka da ƙafa har ta yi danƙo. Daga nan a cura tubali da hannu. Tubalin gargajiya ba mai kusurwa huɗu ba ne irin bulon siminti; ƙasansa faɗi, samansa tsini. Idan ya bushe a rana, sai magini ya hau bango, yara suna jefa masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa yana liƙewa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yakan yi kauri sosai a ƙasa, yana raguwa yayin da yake hawa. Wannan kauri shi ke hana zafin rana shiga da wuri, shi ya sa cikin ginin ƙasa yake da sanyi da tsakar rana, da dare kuma ya riƙe ɗumi a lokacin hunturu.

Inda gwaninta take shi ne wajen rufi. Magini ba shi da ƙarfe, ba shi da dogon katako. Abin da yake da shi azara ce, wato itacen giginya da aka tsaga. Azara tana da ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar mita biyu. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki jama'a masu yawa? Amsar ita ce bakan gizo. Magini yakan kafa azara a cikin bango daga wannan gefe da wancan, ya ɗaure wata a kanta ta ɗan zarce ta farko, ya ƙara wata, kowace tana sunkuyowa ciki, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Sai a lulluɓe su da ƙasa, su zama baka guda mai lanƙwasa. A kan waɗannan bakuna ake shimfiɗa gajerun azara, a ɗora ƙasar rufi. Wanda ya shiga ya ɗaga kai ba zai ga itace a cikin bakan ba, sai ya zaci ƙasa ce kaɗai take riƙe da kanta.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce a Zazzau. Kusan shekara ɗari kafin a gina cocin, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da irin waɗannan bakuna, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ke nan sana'a ɗaya ce ta rufe masallacin birni da cocin Wusasa. A ganinmu, wannan ya isa ya sa ɗalibin tarihi ya tsaya ya yi tunani.

Cikin cocin Angalika

Ko da dutse aka gina shi ko da ƙasa, cocin Angalika yana da tsarin da aka san shi da shi. Akwai babban zaure inda jama'a suke zama. A can gaba akwai bagadi, wato teburin da ake yin Jibin Ubangiji a kansa. Akwai wurin karanta Littafi Mai Tsarki, da mumbarin wa'azi, da wurin yin baftisma. Aikin maginan Wusasa shi ne su samar wa waɗannan abubuwa mazauni a cikin gini irin na fadar sarki ko zauren attajiri. Dabarar tana da ma'ana. Bahaushen da ya shiga ba zai ji kamar ya shiga gidan Bature ba, da yake kuma da Hausa ake addu'a da waƙa da wa'azi.

Mutanen da suka fito daga nan

Darajar tsohon gini ba a bango kaɗai take ba, har da mutanen da suka zauna a inuwarsa. Janar Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya girma, inda mahaifinsa yake aikin bishara. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi karatu a makarantar Wusasa. Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewacin Nijeriya, shi ma ɗan wannan al'umma ce. Yau Wusasa tana da bishop nata, a ƙarƙashin Cocin Nijeriya na ɗarikar Angalika.

Matsalar adana ginin ƙasa

Babban abokin gaban ginin ƙasa ruwa ne. Idan indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, cikin damina ɗaya rufi zai iya ruftawa. Don haka a da, da zarar damina ta wuce, sai a sake yaɓe, a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Aiki ne da ba ya ƙarewa. Yanzu maginan da suka iya ɗaurin bakan gizo sun yi ƙaranci, domin matasa sun koma ginin bulo, giginya kuma ta ragu a daji. Wasu sukan ɗauka shafe bangon ƙasa da siminti shi ne magani, alhali siminti yakan tsare laima a ciki, bango ya riƙa ruɓewa ba a sani ba. Shi kansa Masallacin Zariya, a shekarun 1970 sai da aka kewaye abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na zamani. Kowace al'umma mai irin wannan gado tana fuskantar zaɓi mai wuya: ta kashe kuɗi kowace shekara wajen gyara, ko ta bar ginin ya koma ƙasar da aka ɗebo shi.

Ma'anar kalmomi

tubali: curin ƙasa da aka busar a rana don gini
azara: tsagaggen itacen giginya da ake rufi da shi
bakan gizo: lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi
indararo: hanyar da ruwan sama ke bi ya sauko daga soro
yaɓe: shafa kwaɓaɓɓiyar ƙasa a jikin bango
bagadi: teburin ibada da ke gaban coci

Tambayoyi

1. Waɗanne dalilai ne suka sa mishan ta tashi daga birnin Zariya a 1929?
2. Bayyana yadda ake ɗaura bakan gizo, da kalmominka.
3. Me ya haɗa Masallacin Juma'a na Zariya da cocin Wusasa?
4. Me ya sa siminti ba ya dacewa da bangon ƙasa?

Aikin gida

Ka ziyarci wani tsohon gini a garinku, ko coci, ko masallaci, ko fada. Ka tambayi dattawa shekarar da aka gina shi, da kayan da aka yi amfani da su, da wanda yake kula da shi yanzu. Ka rubuta abin da ka samo da Hausa, cikin jimloli goma sha biyar.