Yadda Armeniya Ta Shigar Da Darar Ces Cikin Aji

Darar ces wasa ce ta mutum biyu, a kan allo mai gida 64, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16. Ta bambanta da darar da aka sani a ƙasar Hausa, domin 'ya'yanta ba matsayinsu ɗaya ba: akwai sarki, akwai doki, akwai sojoji, kuma kowanne da irin tafiyarsa.

Armeniya ƙaramar ƙasa ce a yankin duwatsun Kokasas, mutanenta kimanin miliyan 3. Ƙaunar ces ta kama su sosai a 1963, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet, sa'ad da wani Ba'armeniye, Tigran Petrosiyan, ya kayar da Mikhail Botvinnik ya zama zakaran duniya. Ya riƙe kambin har 1969. Bayan samun 'yanci a 1991 ƙasar ta shiga matsin tattalin arziki, amma a 2002 aka kafa makarantar koyar da ces ta ƙasa, ƙarƙashin gwanin wasan, Smbat Lputiyan. Ba a daɗe ba 'yan wasanta suka ci gasar Olimfiyad ta ƙasashen duniya har sau uku, wato 2006 da 2008 da 2012, suka bar manya irin su Rasha da Amurka a baya. Shugaban ƙungiyar ces ta ƙasar, Serzh Sargsyan, shi ne ya zama shugaban ƙasa a 2008, don haka kuɗi bai yi wuyar fitowa ba.

A 2011 gwamnati ta mayar da ces darasi na dole a aji biyu zuwa huɗu na firamare. Aka buga littattafai, aka horar da malamai, aka raba alluna. Dabarar a fili take: in yara dubbai suka koyi wasa, mai baiwa ba zai ɓace a ƙauye ba a gan shi ba.

Sai dai akwai wata hujja ta biyu da ake yawan kawowa, cewa ces tana ƙara wa yaro ƙwazon lissafi, kuma a nan ne ya kamata malamai su yi hattara. An gwada wannan a Ingila a makarantu 100. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a, rabi aka koya wa yaransu ces na kimanin awa 30, rabi aka bar su yadda suke. Rahoton da ya fito a 2016 bai sami wani bambanci a sakamakon lissafinsu ba. Amfanin ƙuri'ar shi ne kawar da ruɗu, domin sau da yawa yaron da ya riga ya iya lissafi shi ne yake zaɓen ces da kansa, sai a ɗauka wasan ne ya koya masa.

Tallafin da ya rataya a wuyan shugaba ɗaya ma yana da haɗari. Sargsyan ya sauka daga mulki a 2018. A 2021 babban gwanin ƙasar, Levon Aroniyan, wanda yake cikin duk nasarorin nan uku, ya koma buga wa Amurka, yana kukan cewa sabuwar gwamnati ta yi watsi da wasan. A Olimfiyad ta 2022 a birnin Cennai na Indiya, Armeniya ta zo ta biyu ba tare da shi ba, Amurka kuwa ta biyar.