Haɗuwa Da Masoyin Intanet A Ƙasar Waje: Yadda Za Ka Shirya Wayarka Kafin Ka Fita

Darasin yau na wanda tafiya ta kama shi kaɗai ne zuwa wata ƙasa, ko karatu a Alƙahira, ko sarin kaya a Dubai, ko nan kusa Maraɗi da Yamai, kuma akwai wata ko wani da suka daɗe suna hira a Facebook ko TikTok, har an yi alkawarin in an iso za a ga juna. Zancen ka je ko kada ka je tsakaninka da iyayenka ne. Ni fannina waya ne, a nan zan tsaya. Duk inda na ce "kai", har da ke 'yar uwa.

Fara da duba abin da ka baro a gida. A Kurfi ko Dutsin-Ma, saurayi a ƙofar gidan mahaifin yarinya yake zance. Yaro ake aikawa ya yi sallama da ita, ƙannenta na kai-komo, mai shayin bakin layi ya ga zuwansa. Kafin magana ta yi nisa an tura bincike: ɗan gidan wa ne, me yake yi? Ko baƙon ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ba a rasa wanda ya san ɗakinsa. Tsaro ne babba wannan, sai dai da yake ba mu biyan ko sisi, ba mu ganinsa. Ranar da ka sauka wata ƙasa kai kaɗai, babu shi. Ba wanda ya san ka fita, balle ya lura ba ka dawo ba.

Mugu ya san da haka. A watan Yulin 2012, wasu da wata ɗaliba ta yi abota da su a Facebook sun biya mata kuɗin jirgi daga Abuja zuwa Legas, suka kama mata ɗaki a wani otal a Festac, suka zuba mata ƙwaya a abin sha, suka kashe ta suka kwashe kayanta. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. A cikin Najeriya ke nan, ba ta ma tsallaka iyaka ba. Kada maza su ɗauka abin na mata ne kawai: a Janairun 2024 ofishin jakadancin Amurka a Kolombiya ya yi gargaɗi bayan mutuwar Amurkawa 8 a birnin Medelin cikin watanni biyu na ƙarshen 2023, kuma da yawa daga ciki suna da alaƙa da manhajojin neman masoya. Salon ɗaya ne: a haɗu, a bugar da mutum da magani, a yashe shi.

Yi binciken da iyaye za su yi

Ɗauki hoton da aka turo maka ka saka a Google Lens. Idan ya fito a wasu shafuka da wani suna daban, magana ta ƙare. Duba shekarun shafin, da ko akwai 'yan uwa da abokan makaranta da ke masa tsokaci irin na waɗanda suka san juna. Duba lambar waya: wadda ta ce tana Maraɗi amma lambarta ba ta fara da +227 ba, tambaye ta dalili. A yi kiran bidiyo, ba sau ɗaya ba, kuma kai ka kira ba tare da ka sanar ba. Yanzu akwai manhajojin da ke ɗora fuskar wani a bidiyo, don haka ka ce ya juya kansa gefe ko ya gifta hannu ta gaban fuska. Ba kullum dabarar ke kama su ba, amma tana tona masu arha.

Mafi ƙarfi dai shi ne mutum. Kusan duk garin da za ka je akwai Hausawa: a Accra da Kumasi akwai zango da sarkinsa, a Alƙahira akwai ɗalibanmu. Nemi wanda zai ce maka "na san gidansu". Wanda ke son ka da gaskiya ba ya jin haushin bincike.

Shiru ya zama ƙararrawa

Nan ne zuciyar darasin. A aikinmu na haɗa manhaja, ba mu jiran kwamfutar da ke ɗauke da shafi ta ce mana ta lalace, domin wadda ta mutu ba ta magana. Sai mu sa ta riƙa turo ɗan saƙo duk bayan wasu mintoci cewa tana nan. Da zarar saƙon ya tsaya, ƙararrawa ta tashi. Haka za ka tsara kanka. Wanda aka bugar ko aka ƙwace wa waya ba zai iya neman taimako ba, don haka tsarin "in da matsala zan kira ka" ba tsari ba ne.

Zaɓi mutum ɗaya a gida wanda ba ya kashe data, yayanka ko amininka. Tura masa sunan wanda za ka gani, hotonsa, lambarsa, sunan wurin haɗuwa, lambar masaukinka da ta wani ɗan gida da ke garin. Ku tsayar da lokaci: duk bayan awa ɗaya za ka turo saƙo. In ya wuce da minti 15 bai ji ka ba ya kira, in ba ka ɗauka ba ya fara kiran lambobin nan, ba tare da tunanin ko zai dame ka ba. Ku kuma ajiye wata kalma ta sirri, misali ka tambayi lafiyar wata Goggo da ba ku da ita, wadda ke nufin an tilasta ka kake cewa lafiya lau. Ku tuna bambancin agogo: Dubai tana gabanmu da awa 3, Nijar kuwa agogonmu ɗaya.

Sai ka haɗa da lokeshan na kai tsaye a WhatsApp. Zaɓi uku yake bayarwa: minti 15, awa 1, awa 8. Ɗauki na awa 8. Amma kada ka dogara da shi kaɗai. Na gwada da kaina a hanyar Maraɗi: mun bi ta Kurfi, Katsina, Jibiya, muna wuce Magama data ta ɗauke, sai ɗigona ya daskare a bakin iyaka. Ƙanena yana kallon taswira yana zaton har yanzu ana duba mana takardu, alhali har na ci abinci a cikin gari. Don haka ka sayi layin ƙasar da ka je, ka gwada tun a masauki, ka koya wa na gida duba rubutun da ke nuna yaushe ɗigon ya motsa na ƙarshe. Sauke taswirar garin a Google Maps don ta yi aiki ba data, ka riƙe fawa banki.

Kulle wayar kanta

Yatsanka yana buɗe waya ko kana barci. Ranar haɗuwa ka cire buɗewa da yatsa da fuska daga saiti, ka koma lambar sirri mai aƙalla 6. Fita daga manhajojin banki. Layinka na gida da banki ke turo wa lambobi ya fi wayar daraja, domin da shi ake cire kuɗi ko a wata wayar aka saka shi. Ka bar shi a masauki tare da fasfo, ko ka sa masa lambar sirri ta sim. A kula, kuskure uku yana kulle sim ɗin, kada ka yi ta canki-canka.

Wani abu da mutane ba su sani ba: hoton da ka tura a WhatsApp a matsayin fayil yana iya tafiya da bayanin inda aka ɗauke shi, in kyamararka na ajiye lokeshan. Tura shi a matsayin hoto kawai. Hoton da ake buɗewa sau ɗaya kuwa, wata wayar na iya ɗaukarsa. Abin da ba ka so a gani a guruf ɗin unguwarku, kada ka tura.

A wurin haɗuwa

Kai ka zaɓi wuri, da rana, cikin jama'a, ko mafi kyau gidan iyayensu tare da ɗan rakiya. Kai ka biya kuɗin motarka da masaukinka, kuma kada ka faɗi lambar ɗakinka. Wanda ya biya maka tikiti da ɗaki shi ke riƙe da makulli. In an canza wuri a ƙurarren lokaci, ka fasa. Abin sha a buɗe shi a gabanka, in ka tashi ka bar shi kada ka koma kansa. Ka tambayi dokar ƙasar kan keɓewar namiji da mace, domin ba ko'ina take ɗaya ba.

Sai saƙo. Duk daɗin soyayya, kada ka karɓi jaka ko ƙulli ka tsallaka da shi iyaka. A Disambar 2018 an kama wata ɗaliba da ke karatu a Kano a Saudiyya saboda jakar ƙwayoyi da wasu suka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba, sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan gwamnati ta sa baki. Ita ba ta taɓa jakar ba ke nan. Wanda ya ɗauka da hannunsa, wa zai yarda da shi?

Kafin ka fita, rubuta lambobin gaggawa a takarda ka sa a aljihu, ba a waya kaɗai ba: 'yan sanda a Nijar 17, Masar 122, Dubai 999, ƙasashen Tarayyar Turai 112. Ƙara da lambar ofishin jakadancin Najeriya da ke ƙasar, da ta mutumin nan na gida da ke jiran saƙonka.