ZAFI DA ƘURA: ABIN DA KE SA TSOHUWAR KWAMFUTA TA RIƘA MUTUWA ANA CIKIN AIKI

A ofisoshi da makarantu da asibitoci da shagunan buga takardu na ƙasar nan akwai kwamfutocin tebur masu yawa waɗanda suka yi shekara goma ko fiye suna aiki. Irin wannan kwamfuta takan soma halin da ba a san ta da shi ba: ana cikin aiki sai ta mutu, ko ta daskare, ko allonta ya koma shuɗi ta sake tashi da kanta. Takardar da akawu ya yi awa biyu yana bugawa sai ta salwanta, mai jiranta kuwa a ce masa ya komo gobe. Daga nan sai a ce kwamfutar ta tsufa, a jefa ta sito, a nemi kuɗin sabuwa. Alhali kuwa sau da yawa ciwon nata bai wuce zafi da ƙura ba, maganinsa kuma bai fi ƙarfin ma'aikaci mai natsuwa ba.

Inda zafin yake fitowa

A cikin akwatin kwamfuta akwai wani ɗan ƙaramin abu mai kusurwa huɗu da ake kira furosesa, shi ne ke yin dukan lissafi. Furosesan tsohuwar kwamfutar tebur yakan ci wuta wat 65 zuwa 95, kamar ƙwan lantarki irin na da, kuma kusan dukan wutar nan zafi take komawa. Saboda haka aka ɗora masa wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi domin ya sha zafin, aka kafa fanka a bisa ƙarfen domin ta kore shi. Tsakanin furosesa da ƙarfen akwai wani mai mai launin toka wanda ke sa zafi ya ratsa da sauƙi.

Idan kome yana daidai, furosesan da ba ya aiki mai nauyi yakan tsaya tsakanin digiri 30 da 50 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya doshi 90 zuwa 100, sai ya rage gudu, ko kuwa kwamfutar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Watau mutuwar nan da ake gani dabara ce ta tsira.

Ƙurar hunturu takan shiga akwati ta toshe haƙoran ƙarfen nan har ta zama kamar bargo. Sa'an nan bazara ta zo, zafin gari ya wuce digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri, fanka ta rasa iska mai sanyi da za ta ja. Man nan kuma yakan bushe bayan 'yan shekaru.

Alamun zafi

Kwamfutar da zafi ke damu takan tashi lafiya da safe, sai ta jima tana aiki, ko an ba ta aiki mai nauyi, sa'an nan ta mutu. Idan aka sake kunna ta nan take, ba ta daɗewa sai ta sake mutuwa; idan aka bar ta ta huce, sai ta ƙara jimawa. Fankarta takan yi ƙugi, ko ta yi shiru gaba ɗaya. Mai son tabbatarwa sai ya danna Del ko F2 da zarar ya kunna ta. A kwamfutoci da yawa zai ga awon zafin a shafin BIOS.

Yadda za a yi

1. Kafin kome, a kwafe muhimman takardu a filashi ko wani faifai dabam.
2. A kashe kwamfutar, a zare wayarta daga soket, a bar ta ta huce.
3. A buɗe murfin gefe. Kafin a taɓa kome a ciki, a dafa ƙarfen akwatin, gama jikin mutum yakan tara lantarki, musamman da hunturu, tartsatsinsa kuwa yana iya kashe kayan ciki.
4. A fitar da akwatin waje, a kakkaɓe ƙurar da buroshi mai laushi da abin hura iska. A riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa don kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Kada a yi amfani da ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma.
5. A mayar da wuta, a duba ko kowace fanka tana juyawa. Wadda ta tsaya, a sake ta.
6. Idan zafin bai sauka ba, a nemi mai gyara ya goge busasshen man nan, ya ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake.

Idan ba zafi ba ne

Kwamfutar da ke mutuwa tun tana da sanyi, laifinta yana wani wuri. A lura ko mutuwar tana zuwa daidai lokacin da wuta ta yi ƙasa ko aka tayar da janareto. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce a ƙa'ida, amma takan hau ta sauka, maganin wannan kuwa sitabilaiza ne ko UPS. Bayan haka sai a zare sandunan ram, a goge bakinsu, a mayar da su ɗaya-ɗaya ana gwadawa, domin a gane mai laifi. A duba kafasitoci, watau 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan babban faranti. Wanda kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa ya mutu. Wannan cuta ta yi yawa a kwamfutocin da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007. Faifan ajiya mai ƙara ƙas-ƙas ya kusa mutuwa, sai a gaggauta kwashe abin da ke cikinsa.

Akwatin raba wuta, wanda wayar lantarki ke shiga ta bayansa, kada wanda ba gwani ba ya kuskura ya buɗe shi. Yakan riƙe wutar da za ta iya halaka mutum ko da an zare shi daga soket.

Idan kayan ƙarfe duk lafiya suke, sai a koma kan manhaja. Kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro na Windows 7 a Janairun 2020, na Windows 10 kuma na yau da kullum ya ƙare a Oktoban 2025. Kwamfutar da ke kan waɗannan ta fi saurin kamuwa da bairos idan tana hawa intanet.

Rigakafi ya fi magani

Kada a ajiye akwatin kwamfuta a ƙasa inda ƙurar shara ke tashi, ko a manna shi da bango, ko a kulle shi cikin durowa, ko a jibga masa fayiloli a kan ramukan iska. A rufe shi da yadi bayan an tashi aiki, a yaye kafin a kunna. A share cikinsa aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya daga ciki a ƙarshen hunturu kafin zafin bazara ya kankama.

Kayan aiki na ofis da makaranta dukiyar jama'a ce, amana ce kuma a hannun mai aiki da su. Wajibi ne shugabannin ofisoshi su tabbata an bi matakan nan, a kuma rubuta abin da aka gani, kafin a sa hannu a ce wata kwamfuta ta tashi daga aiki.