Darasi: Yadda garwayuwar ƙwayoyin gado ke sa gero saurin sabawa da yanayi

Darasin yau ba na waya ba ne, amma da ita za mu fara. A ce kana da wayoyi biyu, ɗaya cajinta na kwana biyu, ɗaya kuma kyamararta ce abin kallo. Da za su haifi ta uku mai duka biyun, ai ka huta. Waya ba ta haihuwa, amma gero abin da yake yi ke nan duk damina.

Kowane tsiron gero ya gaji ƙwayoyin gado rabi daga uwa, rabi daga uba. Idan zai fitar da bununi da ƙwan iri, zaren gadon nan biyu sukan yi musayar guntaye, sai kowace ƙwayar hatsi ta fito da nata haɗin. In babu wannan garwayuwa, halaye biyu masu amfani da suka ɓulla a tsirrai daban sai dai su zama kishiyoyi, ɗaya ya kori ɗaya. Ronald Fisher a 1930 da Hermann Muller a 1932 ne suka bayyana haka.

Leƙa gonakin Minjibir ko Bichi, inda gona ke manne da gona. A zangarniyar gero ɓangaren mace ke riga bununi fitowa, don haka galibi iska ce ke kawo masa na maƙwabci. Ga kuma manomi na ware zangarniya mafi kyau don iri. A Nijar, masana sun kwatanta geron da aka tattara a ƙauyuka a 1976 da na waɗannan ƙauyukan a 2003, bayan shekarun fari, suka tarar na baya ya fi saurin fitar da kai.

Sai dai ba gero kaɗai ya iya ba. Ƙudujin da ke cin gero da dawa ba ya yin iri sai da bununin ɗan'uwansa, kuma tsiro guda na zubar da iri dubbai masu daɗewa a ƙasa fiye da shekara 10. Shi ya sa irin da ya gagare shi bana ba lallai ya gagare shi har abada ba.

Garwayuwar kuma yadda take haɗawa haka take wargazawa. Ka sayo wa Baba ingantaccen irin gero, ya shuka daf da na maƙwabci, bayan 'yan damuna ingancin ya soma surkuwa, sai an sabunta. Wake kuwa galibi kansa yake yi wa barbara, irinsa ya fi tsayawa yadda yake. Don haka masu bincike na IITA, da ke da gonar gwaji a Minjibir, da hannu suke haɗa wake da wake kafin su samu mai jure ƙudujin wake, kamar SAMPEA 10.