Darasi na 7: Man Jojoba da Kula da Fata da Gashi

Idan damina ta ɗauke, iskar arewa ta taso, fatar jiki takan sha wahala a nan Rusairis da ƙauyukanmu na bakin kogi. Ƙafa ta yi kaushi, diddige ya yi faso, leɓe ya tsage, yara su yi furu-furu kamar an barbaɗa musu toka. A wannan lokaci ne mata sukan zo asibiti da 'yan ƙananan kwalabe da suka saya a kasuwar Damazin, ko waɗanda 'yan'uwa suka aiko daga Saudiyya, suna tambaya: “Wannan man jojoba, gaskiya ne yana maganin kowace cutar fata?” A wannan darasi za mu ga abin da man yake yi, yadda ake amfani da shi, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Daga ina man ya fito?

Jojoba wani ɗan itace ne na hamada. A rubuce jojoba ne, amma a ƙasarsa “hohoba” ake faɗa. Asalinsa hamadar Sonora ce, wadda ta haɗa arewa maso yammacin Meziko da jihohin Arizona da Kalifoniya na Amurka. Tsawonsa yakan kai mita 1 zuwa 2, ganyensa mai kauri ne, saiwarsa kuma tana nitsewa ƙasa ƙwarai, shi ya sa yake jure fari. Akwai namiji akwai mace kamar dabino, macen ce take 'ya'ya. Ƙwayarsa ta ɗan fi ta gyaɗa girma, kuma kusan rabin nauyinta mai ne.

Mutanen wannan hamada sun daɗe suna shafa shi a fata da gashi. Duniya ba ta waiwaye shi sosai ba sai a farkon shekarun 1970, lokacin da Amurka ta hana shigo da man wata ƙatuwar dabbar teku da Larabawa suke kira hutul ambar, domin an kusa ƙarar da ita da farauta. Masu yin man shafawa da man inji suka nemi madadi, suka tarar man jojoba ya yi kama da shi. Daga nan aka soma nomansa a Ajantina, Peru, Isra'ila, Masar da Ostareliya. A nan Sudan ma an gwada shuka shi a shekarun 1970, a wurare irin su Arkawit, cikin duwatsun da ke kusa da Bahar Maliya. Itacen yana son jigawa, ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Baƙar laka irin tamu, wadda take riƙe ruwa da damina ta tsattsage da rani, ba ta karɓe shi ba. Saboda haka man yana zuwa mana daga nesa, da tsada.

Yadda yake aiki a jiki

Fatarmu tana fid da maiƙonta na kanta ta ƙananan ramukan da gashi yake fitowa. Wannan maiƙo ne yake rufe fata don kada ruwan cikinta ya tsere. Iska mai bushewa, sabulu mai zafi, yawan wanki da tsufa suna rage shi. Idan ya ragu, fata ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, ta tsage.

Man jojoba ya bambanta da man riɗi da man gyaɗa. Shi danginsu kakin zuma ne, sai dai a narke yake, kuma ya yi kama ƙwarai da maiƙon fatar mutum. Wannan ya ba shi halaye uku masu kyau. Yana shiga fata ba tare da barin danƙo mai yawa ba. Ba ya cika toshe ramukan fuska, don haka masu maiƙon fuska sukan iya shafa shi. Kuma ba ya saurin lalacewa ya yi wari ko da a zafinmu na bazara.

Ga abin da nake so ku riƙe a duk darasin nan: ruwa ne yake sa fata laushi, mai kuwa marufi ne da yake tsare ruwan. Wanda ya shafa mai a kan busasshiyar fata ya rufe tulun da babu kome a ciki. Wannan gaskiya ne ga jojoba, ga man riɗi, ga basilin.

Yadda za ku yi amfani da shi

1. Gwaji tukuna. Ku ɗiga ɗigo ɗaya a cikin hannu kusa da gwiwar hannu, ku bar shi kwana 2. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura ko ya yi ƙaiƙayi, man bai karɓe ku ba, ku bar shi.

2. Jiki da fuska. Ku yi wanka, ku tsane jiki kaɗan da tsumma mai tsabta, ku shafa man tun jiki yana da danshi. Ɗigo 2 ko 3 sun isa fuska. Kada ya shiga ido.

3. Kaushi da faso. Da dare ku jiƙa ƙafa cikin ruwa mai tsabta na minti 20. Ku goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa. Kada ku yanke shi da reza. Sa'an nan ku shafa mai tun ƙafar ba ta bushe ba. Da safe ku sa takalmi. Haka muke koya wa waɗanda kuturta ta kashe musu jin ƙafa, kowace rana, domin ta faso ne ƙwayoyin cuta suke shiga.

4. Gashi. Bayan an wanke kai, tun gashi yana da laima, ku murza ɗigo kaɗan a tafin hannu ku bi gashin da shi har bakinsa. Yana rage gautsi da karyewa wurin taje kai da wurin kitso. Kada ku jibga shi a fatar kai, domin yawan mai yana tara ƙura da dauɗa.

5. Ajiya. Ku rufe kwalba, ku ajiye a inuwa, inda yara ba za su kai ba.

Kada a sha man jojoba, kada a yi girki da shi. Hanjin mutum ba ya narkar da shi, yana kawo zawo. Ƙwayar kuma tana da wani sinadari mai kashe sha'awar abinci, don haka ba a ba dabbobi tunkuzarta yadda ake ba su ta gyaɗa ko ta riɗi.

Abin da man ba ya yi

Wata rana wata uwa ta kawo ɗanta mai shekara 6, kansa duk makero, gashi ya zube wuri-wuri, wani wurin har ya soma ruwa. Ta ce ta sayar da kazarta ta sayi man jojoba, ta yi wata biyu tana shafa masa safe da yamma. Ba ta yi sakaci ba, ta yi abin da aka gaya mata ne. Amma kafin ta zo, ƙannensa biyu sun kamu. Makeron kai ƙwayar cuta ce da take shiga cikin tushen gashi, sai an sha magani na makonni kafin ta mutu. Babu man da yake kai wa can.

Ku zo asibiti, kada ku tsaya shafa mai, idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa ko tsinin allura. Yana iya zama farkon kuturta. Maganinta kyauta ne, ana sha wata 6 zuwa 12, kuma wanda ya zo da wuri ba ya rasa yatsa.

Kumburi a ƙafa marar zafi, mai girma a hankali, wanda daga baya yake ɓulewa yana fid da ruwa da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe ko farare. Wannan ita ce cutar da ake kira madura. Tana da yawa a ƙasar Jazira da Sinnar, tana kama manoma da makiyaya da ƙaya take soka. Jinkiri yakan kai ga yanke ƙafa.

Ƙuraje a fuska da kewayen baki bayan an gama maganin kala-azar.

Ƙaiƙayi mai tsanani da dare, a tsakanin yatsu da ƙugu, wanda ya kama mutane da yawa a gida ɗaya. Ƙazuwa ce, sai an yi wa dukan gidan magani tare, an wanke tufafi da shimfiɗa.

Miki mai ruwa ko mugunya, ko wanda ya ƙi warkewa.

Amosanin kai mai yawa da jan fata. Mai yana kwantar da shi a ido na 'yan kwanaki, wani lokaci kuma ya ƙara shi. Akwai sabulun kai na magani dominsa.

Akwai wurare biyu da ba a sa kowane irin mai ko kaɗan. Na ɗaya, sabuwar ƙuna. Ku zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a kai har minti 20, ku rufe da tsumma mai tsabta, ku kawo mai ƙunar. Na biyu, cibiyar jariri. A bar ta da tsabta a bushe, sai abin da ma'aikaciyar lafiya ta bayar. Mai, toka ko kashin dabba a cibiya suna iya kawo cutar sarƙe haƙora, wadda take kashe jarirai.

Man jojoba ba ya tsiro da gashi a kan sanƙo. Idan gashin goshi yana ja da baya saboda kitso mai tsauri, maganin shi ne a sassauta kitson. Zubewar gashi bayan haihuwa takan tsaya da kanta cikin watanni. Idan kuwa akwai kasala da farin ido, ku zo a auna jini.

Ba ya kuma sa fari. Ku yi hankali da man da ake haɗawa a kasuwa ana aunawa da cokali, ana cewa akwai jojoba a ciki. Sau da yawa ana zuba magunguna masu ƙarfi a irin wannan haɗi don canza launin fata. Suna sa fata ta yi siriri, ta yi nankarwa da ƙuraje, wasu kuma suna lalata ƙoda.

In za ku saya

Man kirki launin zinariya ne, ko garau kamar ruwa idan an tace shi, ƙamshinsa kaɗan ne ƙwarai. Ku duba bayan kwalba, ko ku ba wanda ya iya karatun boko ya duba. Sunan itacen a wurin masana Simmondsia chinensis ne. Idan sunan yana can ƙarshen jerin abubuwan da aka haɗa, to, abin da ke ciki ɗan kaɗan ne. Kwalbar da ba ta da rubutu, ko mai arha fiye da kima, ku bar wa mai ita. Arha ba ta ado.

Idan ba ku da hali fa?

Kada ranku ya ɓaci. Man riɗin da ake matsewa a ƙasarmu yana tsare danshin fata sosai, da shi ne ma ake haɗa karkar da matan Sudan suke shafa wa gashi. Basilin ya fi kowane mai riƙe ruwa a faso. Man kaɗanya ma haka, in an samu. Fifikon jojoba shi ne rashin nauyi a fuska da daɗewa bai lalace ba. Wannan bai kai a taɓa kuɗin abincin yara ba. Ƙwai, madara, wake, kifin kogi da ganye suna gina fata da gashi daga ciki, aikin da kwalba ba za ta yi ba. Kowa ya yi zuru gwargwadon ruwan gonarsa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa ake shafa mai tun jiki yana da danshi?
2. Ku faɗi matakai uku na kula da ƙafa mai faso.
3. Waɗanne wurare biyu ne ba a sa wa mai?
4. Maƙwabciyarku ta nuna muku tabo mai haske a bayan 'yarta, wanda ba ya jin taɓawa. Me za ku ce mata?

Allah ya ƙara mana lafiya.